Baƙin Ruwa a Kogin Murray: Nazarin Ambaliyar 2010 zuwa 2011

Daga ƙarshen shekarar 2010 zuwa farkon 2011, ruwan kogin Murray da wasu rassansa a kudu maso gabashin Ostireliya ya rine ya koma baƙi, iskar oksijin da ke narke a cikinsa ta yi ƙasa har ta kusa ƙarewa a wurare da dama, kifaye kuma suka riƙa mutuwa ruwa yana tara su a gaɓa. Abin ya shafi fiye da kilomita 2,000 na hanyoyin ruwa, ya kuma ɗauki kimanin wata shida kafin ya lafa. Ba wata masana'anta ce ta zubar da guba ba. Ganyen bishiyoyi da busasshiyar ciyawa ne suka haddasa shi, wato ainihin abubuwan da kogin ke rayuwa a kansu a shekarun da komai ke tafiya daidai. Dalilin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan, domin ya nuna cewa amfanin ambaliya ko illarta ga ingancin ruwa ba a girmanta kaɗai yake ba. Ya fi dogara ga watan da ta zo, da zafin ruwan a lokacin, da kuma tsawon shekarun da fadama ta yi tana jiranta.

Kogin da fadamarsa

Tsawon Murray ya kai kimanin kilomita 2,500. Yana tasowa ne daga tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar, inda dusar ƙanƙara ke sauka, kuma idan aka haɗa shi da kogin Darling da sauran rassansu, yankin da ruwansa ke gangarowa cikinsu ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin Ostireliya. Da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, watannin sanyinta su ne Yuni zuwa Agusta, na tsananin zafi kuma Disamba zuwa Fabrairu. Kafin a gina madatsun ruwa, ruwan saman lokacin sanyi da narkewar ƙanƙara kan cika kogin tun daga ƙarshen hunturu har zuwa wajejen Oktoba da Nuwamba, ya tumbatsa ya malala cikin fadamu, sannan ya janye yayin da zafi ke kankama. A mafi yawan shekaru haka abin ke gudana, kuma a kan wannan tsari ne tsirrai da dabbobin yankin suka daidaita rayuwarsu.

Fadamar da ta fi shiga wannan labari ita ce dajin Barmah da Millewa, mai faɗin kimanin hekta 66,000, wanda kogin ya ratsa ta tsakiyarsa: Barmah a ɓangaren jihar Victoria, Millewa a ɓangaren New South Wales. Shi ne daji mafi girma a duniya na wani nau'in bishiyar turare mai jan katako, wadda ke jure tsayuwa cikin ruwa na watanni, kuma ƙasar gado ce ta al'ummar Yorta Yorta. An sanya ɓangaren Barmah cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar tun 1982. Asalin dajin kansa daga motsin ƙasa ne. Dubban shekaru da suka wuce wani tudu ya taso a kan tsagar ƙasa ta Cadell ya tare wa kogin hanya, ruwa ya taru a bayansa, wani sashe ya kewaya ta arewa ya zama kogin Edward, wani kuma ya ƙwaƙule ƙunƙuntar hanya ta kudu. Wannan ƙunƙuntar hanya, da ake kira maƙurar Barmah, ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa, saboda haka da zarar kogin ya ɗan ƙaru sai ya zube cikin dajin. Can ƙasa kuma akwai dazuzzukan Gunbower da Koondrook-Perricoota, da tarin ƙananan koguna na Edward da Wakool waɗanda ruwan da ya fito daga dajin ke bi kafin ya sake komawa Murray.

Abin da ambaliyar shekara-shekara ke yi wa ruwa

Idan ruwa ya bar kwarin kogi ya bazu a fadama, gudunsa na raguwa, kuma raguwar gudun ita ce mafarin komai. Lakar da yake ɗauke da ita tana kwanciya, tare da sinadarin fosfaras da ke manne a jikinta, don haka ruwan da ya koma kogi yakan fi wanda ya fita garau, ƙasar fadama kuma ta samu sabon taki. A cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta shiga sosai, wasu ƙwayoyin bakteriya suna juya narkakken naitirojin zuwa iska ya tashi sama, abin da ke rage wa kogin nauyin takin zamani da ya wanko daga gonaki. Wani ɓangare na ruwan yana nutsewa ya ƙara wa ruwan ƙarƙashin ƙasa yawa, wanda saiwoyin bishiyoyi za su dogara da shi idan rani ya yi.

A ɗaya ɓangaren kuma fadama tana bai wa kogi nata kason. Ganye da ɓawon itace da rassa da ciyawar da suka taru a ƙasa suna jiƙa, suna sakin narkakken kabon, har ruwan ya ɗauki launin shayin da aka bari ya daɗe a tukunya. Bakteriya suna cin wannan kabon, ƙananan halittun ruwa suna cin bakteriya, 'ya'yan kifi da ƙwarin ruwa suna cin ƙananan halittun, haka abin ke hawa har ya kai ga manyan kifaye da tsuntsaye. Ƙwayayen waɗannan ƙananan halittu na iya yin shekaru a kwance cikin busasshiyar ƙasa, amma cikin 'yan kwanaki bayan ruwa ya rufe su sai su ƙyanƙyashe da yawan gaske, daidai lokacin da sabbin 'ya'yan kifi ke buƙatar abinci ƙanana da bakinsu zai iya ɗauka. A 1989 masana uku, Wolfgang Junk da Peter Bayley da Richard Sparks, suka gabatar da ra'ayin da ya zama ginshiƙi a wannan fanni, cewa hawa da saukar ruwa a kan lokaci shi ne babban abin da ke tafiyar da rayuwa a manyan kogunan da ke da fadama, kuma mafi yawan abincin kifayen irin waɗannan koguna daga fadama yake fitowa.

Sai dai bakteriya ma numfashi suke yi, kuma a nan ne lissafin ke iya karkacewa. Kowane ɗigon kabon da suka ci, da oksijin na cikin ruwa suke ƙona shi. Ruwa kuwa ba ya riƙe oksijin mai yawa: a digiri 10 na ma'aunin Salshiyas lita ɗaya tana iya ɗaukar kimanin miligiram 11, a digiri 20 kimanin 9, a digiri 30 kuma wajen 7 da rabi. Yayin da zafi ke rage abin da ruwa zai iya riƙewa, yana kuma gaggauta aikin bakteriya, wanda kusan ninkawa yake yi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri goma. Hanyoyin da oksijin ke komowa guda biyu ne, ta saman ruwa inda yake haɗuwa da iska, da kuma ta tsirrai da gansakukar da ke samar da shi idan akwai hasken rana. Ruwan da ke tafiya a hankali a ƙarƙashin inuwar daji ba ya motsi balle ya gauraya da iska, duhunsa kuma yana tare haske daga tsirran da ke ƙasa. Kifaye da yawa sukan fara galabaita idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 4 a lita, ƙasa da 2 kuma mutuwa ce ga yawancinsu idan abin ya daɗe. Saboda haka ambaliyar da ta zo cikin sanyi, ta tarar da ganyen shekara ɗaya ko biyu, takan rina ruwa ba tare da ta shaƙe shi ba. Wadda ta zo cikin zafi ta tarar da tarin shekaru, tana iya cinye oksijin ɗin gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Yadda aka kai ga 2010

Abu biyu ne suka share fagen. Na farko aikin ɗan Adam ne na shekaru masu yawa. An kammala madatsar Hume kusa da Albury a 1936, shingen Yarrawonga a 1939, madatsar Dartmouth a kan kogin Mitta Mitta kuma a 1979. Aikinsu shi ne su tare ruwan lokacin sanyi su sake shi cikin zafi domin ban ruwan gonaki, kuma sun yi wannan aiki yadda aka so. Sakamakonsa ga dajin shi ne an juya masa shekara: ƙanana da matsakaitan ambaliyoyin hunturu, waɗanda su ne ke share ganye a kai a kai, sun ragu a yawa da tsawo, kogin kuma ya koma cika maƙil a watannin da a da yake ƙasa. Har ma akwai wata ambaliyar da tsarin ban ruwa ya ƙirƙiro. Idan aka saki ruwa daga Hume sai aka yi ruwan sama kafin ya iso, manoma kan soke buƙatarsu, ruwan da ba a ɗiba ba ya isa maƙurar Barmah ya zube cikin ƙananan wuraren dajin a tsakiyar zafi. Filayen wata ciyawar ruwa da ake kira Moira, wadda ke buƙatar ruwa mai zurfi cikin sanyi da busasshiyar ƙasa cikin zafi, sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1930, manyan ciyayi masu kama da kara da matasan bishiyoyin turare suka mamaye gurbinsu.

Na biyu shi ne farin da ya addabi kudu maso gabashin Ostireliya daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa 2009. A cikinsa ruwan da ke shiga Murray ya yi ƙasa sosai, kuma ɗan abin da ya samu madatsu suka riƙe shi domin sha da noma. An yi ƙoƙari a 2005, lokacin da aka saki sama da lita biliyan 500 musamman domin dajin Barmah da Millewa, amma daga nan sai aka shiga shekaru mafi muni, kuma fadamu da yawa a yankin sun haura shekara goma ruwa bai taɓa su ba. Bishiyoyin da ƙishirwa ta dama sun ci gaba da zubar da ganye, busasshiyar ƙasa kuma ba ta ruɓar da ganye da sauri, saboda haka abin sai taruwa yake yi shekara bayan shekara.

Sai yanayin La Nina, wato sauyin yanayin tekun Pasifik da kan kawo wa gabashin Ostireliya ruwan sama mai yawa, ya zo da ƙarfi a 2010. Ruwan sama mai yawa ya sauka, aka samu babbar ambaliya a arewacin Victoria cikin Satumba, kuma maimakon ta zo sau ɗaya ta wuce, sai ta riƙa zuwa bi da bi har cikin Disamba da Janairu, lokacin da ruwa ya yi ɗumi kuma bishiyar turare ke tsakiyar zubar da sabon ganye. Wannan batu na sabon ganye yana da nauyi, domin ganyen da bai daɗe da faɗuwa ba ya fi tsohon sakin kabon mai sauƙin ci, kuma yawancinsa cikin kwanakin farko na jiƙa yake fita. Madatsun da fari ya ƙafar da su ma sun taka rawa ba da niyya ba: sun shanye wani kaso na ruwan farko mai sanyi domin su cika, sai da suka cika ne ruwa mai yawa ya wuce zuwa ƙasa, lokacin kuwa zafi ya riga ya shigo. Binciken da Kerry Whitworth da Darren Baldwin da Janice Kerr suka wallafa a 2012 ya nuna cewa ba dazuzzuka kaɗai suka samar da kabon ɗin ba. Gonaki da wuraren kiwon da ruwa ya rufe sun ba da nasu kason, kuma a wasu wurare ruwan da ake saki daga ƙasan shingaye, wanda shi ma ba shi da oksijin, ya ƙara dagula lamarin.

Wani abin da ya sa matsalar ta yi nisa haka shi ne yadda dazuzzukan ke jere a kan hanya ɗaya. Ruwan da ya fito daga Barmah da Millewa a galabaice bai samu damar farfaɗowa ba sai ya shiga Koondrook-Perricoota da Gunbower, ya ƙara kwasar wani kabon, sannan ya bi ƙananan kogunan Wakool masu tafiyar hawainiya. Rassan da aka saba dogara da su wajen tsarma ruwan, irin su Murrumbidgee da Goulburn, su ma suna fama da nasu baƙin ruwan a wasu lokuta. A wurare da dama ma'aunai sun yi makonni suna nuna oksijin ƙasa da miligiram 2 a lita, a wasu ma kusan sifili.

Ɓarnar da aka gani

Kifin da mutuwarsa ta fi tayar wa mutane hankali shi ne kod na Murray, mafi girman kifayen ruwan daɗi na Ostireliya, wanda aka taɓa kama mai nauyin fiye da kilo 100, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 40. Manya-manyansa aka riƙa gani suna yawo a saman ruwa a kogunan Edward da Wakool, kuma asarar babban kifi irin wannan ba a mayar da ita a shekara ɗaya ko biyu, domin su ne iyayen da ke zuba ƙwai mafi yawa. Babban jatan landen Murray, wanda shi ne na biyu a girma cikin jatan landen ruwan daɗi a duniya, ya riƙa fitowa daga ruwa yana hawa gaɓa da kututturan bishiyoyi domin ya shaƙi iska, inda rana da tsuntsaye da sauran dabbobi suka same shi a fili. Wani bincike da ya kwatanta yawansa kafin lamarin da bayansa ya gano raguwar kashi 81 cikin 100 a wuraren da baƙin ruwan ya shafa, alhali a wuraren da bai kai ba babu irin wannan sauyi. Wannan halitta tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa haihuwa, kuma ba ta yin tafiya mai nisa, saboda haka wurin da ta ƙare ba ya saurin samun wasu daga maƙwabta.

Akwai kuma wanda ya ci riba. Kifin kaf, baƙon da aka shigo da shi daga waje ya kuma zama annoba a kogunan yankin, yana jure ƙarancin oksijin fiye da yawancin kifayen gida, kuma fadamar da ruwa mai ɗumi ya rufe ita ce wurin da ya fi son zuba ƙwai. Dajin Barmah da Millewa ma sananne ne a matsayin ɗaya daga cikin manyan wuraren hayayyafarsa. Don haka ambaliyar da ta rage manyan kifayen da ke cin 'ya'yansa ita ce kuma ta buɗe masa fili. A ganina wannan ne ɓangaren ɓarnar da ya fi wuyar gyara, ko da yake ba ya ɗaukar ido kamar gawar kifi a gaɓa, domin kaf yana tonon laka a ƙasan ruwa yana neman abinci, yana gurɓata ruwan yana tumɓuke tsirrai shekaru bayan baƙin ruwan ya wuce.

Garuruwan da ke shan ruwan kogin sun ji a jikinsu ta wata fuskar. Narkakken kabon yana sa ruwa launi da wari, yana cinye sinadarin kulorin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta, haɗuwarsu kuma tana haifar da wasu sinadarai da dokokin ruwan sha suka ƙayyade yawansu, don haka dole matatun ruwa su ƙara magani da aiki. Bugu da ƙari, idan oksijin ya ƙare a ƙasan kogi, laka takan saki ƙarfe da manganis da fosfaras da ta riƙe, wato abin da ambaliya mai sanyi ke ɓoyewa a ƙasa shi ne ambaliya mai zafi ke tonowa.

Ba zai zama adalci ba a tsaya a nan, domin ambaliyar nan ita ce kuma ta ceto yankin. Bishiyoyin da suka fara bushewa sun sake toho. Jinjimi da balbela da zalɓe sun yi sheƙa dubbai a Barmah da Millewa, a ɗaya daga cikin manyan lokutan hayayyafa da aka gani cikin shekaru masu yawa, kasancewar waɗannan tsuntsaye ba sa fara gini sai ruwa ya kewaye musu wuri, kuma sukan watsar da 'ya'yansu idan ya janye da wuri. Can ƙarshen kogin a jihar Ostireliya ta Kudu, tafkunan Alexandrina da Albert sun sauka ƙasa da matakin teku a lokacin farin, har ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta bayyana ta fara fitar da ruwan asid. Ambaliyar ta sake cika su. Bakin kogin inda yake shiga teku, wanda aka riƙa yashe rairayinsa da injuna tun Oktoban 2002 domin kada ya toshe, ya buɗe da ƙarfin ruwa har aka dakatar da aikin a Disamban 2010, gishirin da ya taru cikin kogin tsawon shekaru kuma ya samu hanyar fita. Kabon ɗin da ya kashe kifi a tsakiyar kogin, da ya tsarmu ya gauraya da iska a can ƙasa, abinci ya zama.

Abin da aka iya yi, da abin da ba a iya ba

Idan baƙin ruwa ya riga ya kama kogi mai wannan girma, dabarun da suka rage ƙalilan ne. Ba a iya tsarma shi gaba ɗaya, domin ruwan da ake buƙata ya fi abin da ke hannu, kuma ƙara ruwa a kan ambaliya na nufin ƙara nutsar da gonaki da gidaje. Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne amfani da magudanun ban ruwa. Babbar magudanar Mulwala tana ɗibar ruwa ne daga saman shingen Yarrawonga, kafin ya shiga dajin, saboda haka ruwanta na da oksijin. An riƙa sakin sa ta ƙofofin da ke zuba cikin Edward da Wakool, aka samar da 'yan wurare masu iska inda kifi zai fake har abin ya wuce. Akwai abin mamaki a ciki, ganin cewa kayan aikin da suka taimaka wajen juya wa kogin shekara su ne kuma suka zama mafakar kifinsa. Injunan hura iska cikin ruwa kuwa tasirinsu bai wuce 'yan mitocin da ke kewaye da su ba.

Maganin da ya fi ma'ana rigakafi ne, wato a mayar wa fadama ƙananan ambaliyoyinta na lokacin sanyi domin a riƙa kwashe ganyen kaɗan-kaɗan. Akwai ginshiƙin doka da zai ba da damar haka. Dokar Ruwa ta 2007 ta kafa hukumar kula da yankin Murray da Darling da kuma ofishin da ke riƙe da ruwa a madadin muhalli, sannan Shirin Yankin na 2012 ya tsara dawo wa koguna lita biliyan 2,750 a kowace shekara, da ƙarin biliyan 450 bisa wasu sharuɗɗa. Masu sakin wannan ruwa yanzu suna duba zafin ruwa da yawan ganyen da ke ƙasa da tsawon lokacin da wuri ya yi bai jiƙa ba kafin su yanke shawara, kuma sukan fi son su fara tun ƙarshen hunturu.

Shekarar 2016 ta nuna iyakar wannan dabara. An samu babbar ambaliya daga Satumba zuwa Nuwamba, baƙin ruwa ya dawo a Murray da Edward da Wakool da Murrumbidgee da Lachlan, kod ya sake mutuwa, alhali shekaru biyar kacal suka wuce kuma an yi ta sakin ruwan muhalli a tsakani. Bayanin ba shi da wuya: ruwan da hukuma ke saki ƙananan wuraren fadama kaɗai yake kaiwa, babbar ambaliya kuwa tana hawa tudun da ya daɗe bai jiƙa ba, ta kuma rufe gonaki masu ɗanyen amfani da ciyawa. An sake ganin haka a ambaliyar 2022, kuma a Maris ɗin 2023 miliyoyin kifaye suka mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee, yayin da ruwan ambaliya ke janyewa daga fadamu cikin zafi ya tarar da kifayen da suka hayayyafa da yawa a shekarun ruwa sun cunkushe a wuri ɗaya. Ya kamata kuma a faɗa cewa baƙin ruwa ba sabon abu ba ne da madatsu suka ƙirƙiro. Wani ɓangare ne na ɗabi'ar kogunan da ke ratsa dazuzzukan turare. Abin da ya sauya shi ne tsananinsa da faɗinsa, da kuma ƙarfin kifayen gida na farfaɗowa bayansa, tun da yawansu ya riga ya ragu, shingaye kuma sun tare hanyoyin da za su bi su tsere ko su dawo.

Domin ruwan da ake saki ya kai tsakiyar fadama ba gefenta kawai ba, sai an ƙyale kogin ya haura matakin da ake tsayar da shi a ƙasan Yarrawonga, kuma hakan zai taɓa filayen mutane da ƙananan gadoji da hanyoyin shiga gonaki na 'yan kwanaki ko makonni. Shirin 2012 ya tanadi a sassauta waɗannan ƙa'idoji ta hanyar yarjejeniya da masu filaye, da biyan diyya, da ɗaga gadoji da hanyoyi, amma wannan ɓangare na aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da sayen ruwan kansa, domin ana buƙatar amincewar dubban masu filaye a jihohi fiye da ɗaya. Ganin ayyukan shirin ba za su kammalu a wa'adin farko na 2024 ba, majalisar tarayyar Ostireliya ta yi wa dokar gyara a ƙarshen 2023 ta tsawaita lokacin.